Ranar da Ƙanƙara Ta Rufe Shafa

Da na san abin da Abdulilah ya ƙulla, wallahi ranar Asabar ɗin nan ko ƙofar ɗakina ba zan buɗe ba. Amma yayan nawa ya san lagona. Tun ina yarinya nake cewa ina son in taɓa ƙanƙara da hannuna, ba ta firij ba, wadda Allah ya zubo daga sama. Mu mutanen Makka zafi muka sani. Sanyinmu bai wuce na sati biyu ba, shi ma da rana ta take sai an kunna fanka.

Tun da sassafe wayoyi suka cika da bidiyon Shafa, ƙauyukan nan na saman duwatsun Ɗa'if. An kwana ana zuba ƙanƙara, gari ya waye fari fat, har wasu na cewa Turai ta sauko mana.

"Rumasa'u, yalla ki shirya," in ji Abdulilah daga bakin ƙofa. "Abuya ya ce yau duk gida za a hau dutse, mu dawo kafin isha'i."

Abuya, mahaifinmu, da yawon buɗe ido? Mutumin da tun aikin zuciyar da aka yi masa bara bai wuce masallacin layinmu na Aziziyya ba? Ya kamata in tsaya in yi tunani. Shekarata ashirin da takwas, ina aiki a ɗakin magani na asibiti, amma ina jin an ce ƙanƙara sai na koma 'yar firamare. Na zura rigar sanyi a ƙarƙashin abaya, na ɗauki safar hannu, na sauko ina tsallake matakala.

A ƙofar gida na yi turus. Farar bas ce ƙarama, wadda na sani ko cikin dubu. Mai ita yana tsaye yana rufe bayanta.

Awwalu ne.

Shekara uku ke nan muna son juna. A unguwar Nakkasa aka haife shi, kafin a rushe layinsu. Kakansa ta Sudan ya biyo da ƙafa, kamar yadda nawa kakan ya taso daga Kano. Bambancin ɗaya ne, nawa ya samu jinsiyya, nasa bai samu ba. Don haka ni 'yar ƙasa ce, shi kuwa da iƙama, takardar zaman baƙi, yake zaune a garin da aka binne cibiyarsa, yana jigilar masu Umra. Sau biyu yana turo kawunsa wajen Abuya, sau biyun ana ba shi shayi a ce masa a jira.

"Motarmu na wajen gyara," in ji Abdulilah, yana wannan murmushin nasa da ke sa in ji kamar in kwaɗa masa jaka. "Na ce gara mu ɗauki na gida. Ko ba haka ba, direba?"

Motar da na gani da idona jiya da yamma lafiyarta ƙalau.

Awwalu ya sumbaci kan Abuya, ya gaida Ummi, ya buɗe mata ƙofa. Ni kuwa ko inda nake bai kalla ba. Na ce masa ina kwana a hankali, ya yi kamar da motar nake magana.

Raina ya sosu. Na shige kujerar baya na zauna ina cin magani.

*

Mun wuce Arfa, mun fara hawan dutsen Kara, hanyar nan mai lanƙwasa da ke sa kunne ya toshe. Birai sun yi layi a kan katangar gefen titi sun takure don sanyi. Ummi sai salati take, ta rufe ido ta riƙe hannuna.

A nan Abdulilah ya saki ta biyu.

"Af, na manta ban faɗa ba. Turki da Khala Tahani suna gaba, a Shafa za mu haɗu."

Na dubi madubin gaba. Idon Awwalu na kan titi, amma na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

Turki ɗan aminin Abuya ne. Su ma asalinsu Hausawa ne, amma Hausar Turki ba ta wuce "sannu" da "ina kwana" ba, ita ma ina kwanan da yamma yake yin ta. Yana da jinsiyya, yana da aiki, yana da bene a sabuwar unguwa. Ba mugu ba ne, Allah ya gani. Mutum ne kawai da bai taɓa yi min tambaya ya tsaya jin amsa ba.

Da muka isa Shafa sai na manta da kowa na ɗan lokaci. Ƙanƙara ta rufe gonaki da rufin gidajen dutse, ta taru a gindin itatuwa, hazo yana wucewa ta tsakanin mutane. Na tsuguna na cire safa na dumbuza. Sanyinta ya ratsa ni har haƙori, na yi dariya ni kaɗai.

Rabin Makka ya hau dutsen ranar. Ga maza da silifa da safa, sun yafa bargon gado a kan tobe, doguwar rigarsu. Ga mata suna ɗaukar hoto suna karkarwa. Mutanen ƙauyen kuwa sun baza zuma da gasasshiyar masara da shayin gawayi, suna kallon mu kamar an sako mahaukata.

Sai ga Turki.

Jar riga ce a jikinsa mai kumburi, da wani tabarau da ya cinye rabin fuskarsa, ya saɓo dogayen alluna biyu a kafaɗa. Wai bara ya je ƙauyukan wasan zamiya a duwatsun Jojiya, can ya sayo su. Tun daga nesa ya fara ba mu labari da Larabci: gidajen katako ne, kujeru ne a rataye a waya suke hawa da mutum har ƙololuwa, ƙanƙara tana kai wa ƙugu.

"Can za mu je ni da ke, in sha Allahu," ya ce, yana kallo na. "Yau ki fara ganin samfuri."

Ni da wa? Na waiga bayana ko da wata yake.

Ya hau wani ɗan gangare, ya ɗaura allunan a ƙafa, kowa ya ɗaga waya. Ƙanƙarar Shafa kuwa ko idon sawu ba ta rufe ba, ga duwatsu a ƙarƙashi, rana ta fara narkar da ita. Bawan Allah ya taho kamar gaske, bai yi taku goma ba allo ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma, ya zauna daɓas a cikin taɓo. Khala Tahani, mahaifiyarsa, ta kwasa da gudu tana "Waladi! Waladi!"

Ban tsaya dariya ba. Na ga kowa ya yi can, na juya na nufi inda aka ajiye motoci.

*

Awwalu na jingine da bas ɗinsa, hannu a aljihu, wata 'yar rigar sanyi ce a jikinsa wadda ba ta tare komai.

"Me na yi maka?" na ce. "Tun safe kana share ni kamar ba ka san ni ba."

Ya dube ni. Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba.

"Mabruk," ya ce.

"Mabruk na me?"

"Haba Rumasa'u. Ki bar min ko ɗan mutuncin da ya rage. Ba sai kin haɗa min da rainin hankali ba."

"Wallahi ban san abin da kake faɗa ba!"

Ya zagaya ya fizgi ƙofar baya. A ƙarƙashin darduma da tulunan shayi akwai kwalaye huɗu. Ya yage bakin ɗaya, ya ɗebo abin da ke ciki ya zuba min a tafin hannu. Cakulan ne, kowanne a naɗe da takarda mai ruwan zinare. An buga rubutu a kai: Turki da Rumasa'u. Ga kwanan watan yau a ƙasa.

"Ni na ɗauko su daga shago jiya," ya ce. "Da hannuna na loda. Yayanki ya ce in bi a hankali kada su narke. Daga nan za mu sauka garin Hada, sun kama gidan hutu a can. Ma'azun zai zo bayan la'asar ya ɗaura aure. Ni kuma in jira a waje in mayar da amarya gida."

Na dafa motar.

"Ba wanda ya faɗa min. Na rantse da Allah, Awwalu."

"Abdulilah ya ce kin amince tun watan jiya."

"Ƙarya yake!"

"Ya ce Abuya ya tambaye ki, kin ce duk abin da ya gani."

Wannan kam gaskiya ne. Na faɗa. Ranar da jinin Abuya ya hau, yana kwance yana numfashi sama-sama, ya kamo zancen Turki. Na ce masa duk abin da ka gani, Abuya, don kawai ya yi shiru ya sha magani. Haka nake cewa ko a kan kalar labule ne.

"Kin faɗa ke nan," in ji Awwalu, ya yi wata dariya marar daɗi. "Na sani. Shekara uku ina jin wannan kalmar. A waya ke zakanya ce, a gaban Abuya kuwa ko a'a ba ki iya haɗawa."

"Kai fa? Kai da ka san haka tun jiya, ka kwana da shi ba ka kira ni ba? Kuma ka ɗauki makulli ka zo ka tuƙo ni? Wane irin namiji ne zai kai matar da yake so wajen ɗaurin aurenta?"

"Wanda yake son ya gani da idonsa!" Muryarsa ta tashi har wani mai masara ya waigo. Ya rage ta. "Na ce in ban gani ba, zan ƙare rayuwata ina yi miki uzuri. Gara in tsaya a ƙofar in ji guɗa da kunnena, in san na gama."

Hawaye suka zubo min masu zafi, na takaici.

"Ashe haka ka ɗauke ni."

"To ki ƙaryata ni. Ga shi can a zaune. Ki je ki ce masa ba kya so, kalma uku ce."

"Zuciyarsa, Awwalu. Likita ya ce…"

"Ni tawa ta roba ce?"

Ya karɓe cakulan ɗin daga hannuna ya mayar cikin kwali, ya rufe ƙofar da ƙarfi.

"Ki tafi, kada a gan ki da direba."

Da ina da abin jifa a hannu a lokacin, wallahi da na jefe shi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne duk abin da ya faɗa gaskiya ne.

*

Abuya na zaune a kan darduma a gindin wata bishiya, an ajiye masa kaskon gawayi. Ummi na gefe. Tana ganin idanuna ta sunkuyar da kai, na gane har da ita aka shirya.

Na durƙusa a gabansa.

"Abuya, gaskiya ne yau za a ɗaura min aure?"

Bai yi mamaki ba. Ya ajiye kofin shayinsa.

"Da nufina in faɗa miki a nan, ni da ke, bayan kin ga ƙanƙararki kin ji daɗi. Wa ya riga ni?"

"Ba wannan ne zancen ba. Aure fa, Abuya! Ni ce amaryar, amma mai shagon cakulan ya riga ni sani!"

"Rage murya, ya binti. Na tambaye ki kin ba ni amsa."

"Ba ka da lafiya ne ranar."

"Yau ma ba ni da ita."

Ya ga ina karkarwa. Ya cire farwarsa, babbar alkyabbar nan mai gashi a ciki, ya yafa min ya gyara wuyan da hannunsa. Ƙamshin turaren udu ya lulluɓe ni. Da zagi na ya yi da ya fi min sauƙi.

"Ki saurare ni. Ba na ƙin yaron nan. Na san ubansa, na san yana sallah, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Amma ni na ga abin da ke ba ki gani ba. Na ga ubana yana ɓoye takardarsa a cikin matashin kai, yana tashi ya laluba ko tana nan. Shekara nawa ya yi kafin ya kwanta da bayansa a garin nan? Yanzu ki ce in ɗauki jikokina in mayar da su layin sabunta iƙama? In an ce yau ubansu ya fita, ina za ki bi shi? Sudan ɗin da shi kansa bai taɓa gani ba?"

"Akwai izinin hukuma, Abuya. Ana nema ana samu. Sa hannunka kawai muke jira shekara uku."

"Ba zan sa ba."

Karo na farko ke nan da ya faɗa a fili. Duk shayin da aka ba kawun Awwalu, duk a jira a jira, ashe wannan ne a ƙarƙashi.

"To me ya sa ba ka faɗa tun farko ba? Me ya sa kuka bar shi yana zarya? Kuma yau a rasa wanda zai tuƙo mu duk faɗin Makka sai shi? Wannan zalunci ne, Abuya!"

"Wannan aikin yayanki ne, ban so ba. Amma gara ya gani ya haƙura." Ya kai hannu ya dafe ƙirjinsa, ya lumshe ido. "Ban san kwana nawa suka rage min ba, Rumasa'u. Ina son in ga kin shiga inda ba wanda zai tashe ki. Na riga na ba mutane baki. In za ki kunyata ni a gaban aminina, ki faɗa yanzu in ji."

Ga kalmomin nan uku a bakina. Na dubi hannunsa a kan ƙirji, na dubi leɓɓansa da sanyi ya sa suka yi duhu. Ummi tana girgiza min kai tana hawaye.

Ban ce komai ba.

"Allah ya yi miki albarka," in ji Abuya. "Shirunki ya ishe ni."

Na tsani kaina a lokacin fiye da yadda na tsani Abdulilah.

*

Da azahar ta gota muka bar Shafa. Ƙanƙarar ta zama ruwa da taɓo. Turki ya canza kaya ya sa farin tobe da sabon mayafin kai, motarsa na gaba, tamu na bin ta. Ba mai magana sai Abdulilah da ke waya da ma'azun yana kwatanta masa gidan.

Saura kaɗan mu kai Hada aka kira la'asar. Abuya ya ce a tsaya a masallacin Wadi Muhrim, miƙatin da masu zuwa Umra ta wannan hanyar suke ɗaukar niyya.

Ɓangaren mata ya cika da baƙi. Bayan mun idar Ummi ta fita neman takalminta, ni na zauna na kasa tashi. Ta bayan katanga ina jiyo wani ayari ya fara talbiyya, muryoyi da yawa sun haɗu, Labbaikallahumma labbaik.

Da wannan sautin aka raine ni. Shekara talatin Abuya yana jagorantar alhazai a Mina, kuma kafin kowane aikin Hajji a falonmu yake bita, mu ne ɗalibansa. Yakan ƙirga mana abubuwan da suka haramta ga mai ihrami da yatsunsa. Ba turare. Ba yanke farce. Ba cire gashi. Ba farauta. In ya zo kan na gaba sai ya ɗaga murya: mai ihrami ba ya aure, ba a aurar da shi, ba a neman aurensa.

Nan take dabara ta faɗo min.

Na daɗe a zaune. Ina tsoron Allah, kuma na san ibada ba abin wasa ba ce. Na ce ya Rabbi, ka ga zuciyata. Na kasa faɗa wa ubana a'a, to ga ni na gudo ɗakinka, kuma da gaske nake, zan cika ta. Na cire niƙabi, na cire safar hannu, na sauke farwar Abuya daga kafaɗata na ninke. Na ɗaga hannu.

"Labbaikallahumma umratan."

Da na fito duk suna tsaye tsakanin motocin biyu. Khala Tahani ta taho da fara'a, kwalbar turare a hannunta.

"Zo nan amaryarmu, in fesa miki kafin mu isa."

Na ja da baya.

"Kada ki fesa min, Khala. Ina cikin ihrami."

Ta tsaya da kwalbar a sama. Na wuce ta na miƙa wa Abuya farwarsa da hannu biyu.

"Akwai udu a jikinta, Abuya. Ba halin in yafa."

Ya dubi fuskata, ya dubi hannuwana. Shi ba ya buƙatar a yi masa bayani.

"Ihramin me?" Abdulilah ya daka min tsawa. "Ke mahaukaciya ce? Ma'azun na can yana jira!"

"Sai ka kira shi ka tambaye shi ko yana aurar da mai ihrami."

"Wallahi ƙarya take, Abuya! Ba ta yi wata niyya ba, iskanci ne!"

"Ka shiga zuciyata ka duba."

Turki ya matso yana tambaya da Larabci me ke faruwa, me take cewa. Ba wanda ya fassara masa. Khala Tahani ta mayar da turarenta jaka tana cewa ita ba a taɓa yi mata irin wannan cin fuskar ba.

"Khalas, ba matsala," in ji Abdulilah, yana huci. "Mu sauka yanzu. Awa biyu ta yi ɗawafi ta yi sa'ayi ta yanke gashi, a kira ma'azun ya same mu a gida."

"Da ƙafata zan yi ɗawafin, yaya, ba da taka ba. Kuma ban ce yau ba."

"Sai yaushe?"

"Sai ranar da aka tambaye ni ina cikin hayyacina."

Ya ɗaga hannu. Ban ga lokacin da Awwalu ya baro jikin mota ba, sai ganin sa na yi a tsakaninmu.

"Sauke hannunka," in ji Abuya. Bai ɗaga murya ba, amma hannun ya sauka.

Iska na kaɗawa, sanyi na shiga ta hannun abayata, haƙorana na haɗuwa. Abuya ya rungume farwarsa yana kallo na. Na jira ya dafe ƙirji. Bai dafe ba.

"Kin yi niyya da gaske?"

"Na yi, Abuya."

"To babu aure yau." Ya juya ya faɗa wa su Turki da Larabci, kalma ɗaya-ɗaya. Sannan ya dawo kaina. "Shekara talatin ina koya wa baƙi wannan hukuncin. Ban taɓa zaton 'yar cikina ce za ta ɗaure ni da shi a bainar jama'a ba."

"Abuya, ka yafe min. Na kasa faɗa maka ne…"

"Kin faɗa. Duk wanda ke filin nan ya ji."

Awwalu ya cire hularsa, ya rusuna.

"Ammi Yunus, don girman Allah ka ba ni minti ɗaya. Ni na san ban kai ba, amma in ka sa hannu…"

"Kai ma ka yi shiru. Mai ihrami ba a neman aurenta. Abin da ya hana shi ya hana ka."

Awwalu ya haɗiye sauran maganarsa.

Abuya ya matso daf da ni, yadda ni kaɗai da Ummi za mu ji.

"Ki riƙe ihraminki, ba zan sa a ja ki zuwa Ka'aba ba. Amma tsakanina da ke babu magana, babu gaisuwa, har ranar da kika sauke shi kika zo kika cika min alkawarin da na yi wa mutane. In na mutu kafin nan, kin san a yadda muka rabu."

Ummi ta fashe da kuka ta riƙo hannun rigarsa. Ya zame. Ya taka a hankali ya buɗe gaban motar Turki ya shiga. Abdulilah ya tofar da yawu a gefen ƙafata ya bi shi. Ina tsaye suka fita daga filin, Abuya bai waigo ba.

Tun da nake a duniya bai taɓa kwana yana fushi da ni ba. Na yi kuka a wajen nan har na kasa tsayuwa, Ummi ce ta ja ni ta tura cikin bas.

Mu uku muka sauko dutsen. Kujerar gaba ba kowa. Hazo ya rufe hanya, Awwalu na tafiya a hankali, kwalayen cakulan na gogar juna a baya duk lanƙwasar da aka sha. Ummi ba ta daina roƙo na ba.

"Ki rufa min asiri, Rumasa'u. Mu wuce Harami yanzu, ni zan raka ki, ki gama ki je ki durƙusa masa. Ubanki ne fa. Kin san zuciyarsa. Ki tausaya min."

Talbiyya nake a hankali, hawaye na shiga bakina.

Mun wuce Arfa ana shirin kiran magariba, zafin Makka ya fara dawowa cikin motar. A shataletalen Aziziyya danja ta tsayar da mu. In aka miƙe Harami za a, in aka karya dama layinmu ne, inda Abuya zai wuce ni a falo kamar bai haife ni ba.

Awwalu ya ɗago ido ya dube ni ta madubi, karo na farko tun da muka bar Shafa.

"Harami ko gida?"

Ummi ta matse hannuna har ya yi zafi. Danja ta ba da hannu, na baya suka fara danna mana oda.

"Gida," na ce.